Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Yadda Gundumar St. Bernard Ta Koma Zubar da Ruwa a Titi

A watan Satumba na 2013, wanda ya bi titunan gundumar St. Bernard a jihar Luwiziyana ta Amurka zai iya cin karo da abin da in a Kano ko Damagaram ne sai jama'a sun taru a kansa. Ma'aikacin hukumar ruwa ya tsaya a bakin titi, ya ɗora ƙatuwar sifana a kan famfon kashe gobara, ya murɗa, ruwa na ta ambaliya yana bin kwata. Ba wuta, ba hayaƙi, ba motar 'yan kwana-kwana. Ruwa ne da aka kashe kuɗi aka jawo daga kogin Misisipi, aka tace, aka sa masa magani, ga shi ana tuttular da shi a ƙasa. Mu da muka saba leƙen ƙofa ko mai kura ya iso, muna lissafin jarka nawa za ta kai mu gobe, da mun gani sai mu ce wannan ai almubazzaranci ne tsagwaronsa.

A garuruwan Amurka da yawa aikin nan na yau da kullum ne, sau ɗaya ko sau biyu a shekara, a sanar da mutane a yi a wuce. Na St. Bernard ya bambanta, domin bayan mutuwar yaro aka yi shi. Shi ya sa na zaɓe shi. A nan ne aka ga abin da ke faruwa idan ruwa ya daɗe kwance a bututu babu mai motsa shi.

Garin da ya ramke a cikin rigarsa

St. Bernard tana maƙwabtaka da birnin New Orleans ta kudu maso gabas. Hedikwatarta Chalmette, sai garuruwa irin su Arabi da Meraux da Violet jere a gefen kogi, daga nan hanya ta miƙa cikin fadama zuwa ƙauyukan masunta. Ƙidayar shekarar 2000 ta sami mutum 67,229 a gundumar. Ranar 29 ga Agusta 2005 mahaukaciyar guguwar Katrina ta sauka, ruwa ya shanye kusan kowane gini. Da aka sake ƙidaya a 2010, mutum 35,897 aka samu. Kusan rabin jama'a ba su dawo ba. An rushe gidaje da yawa, unguwannin da a da ke cike suka koma fili, gida ɗaya a nan, sai ka wuce kangwaye kafin ka ga wani.

Mutane sun tafi, amma bututun da aka binne domin su yana nan yadda yake. Gari ya rame, riga ba ta ragu ba.

Wani abu da ba kowa ya sani ba shi ne, ba don sha da wanka kaɗai ake auna faɗin bututun gari ba. Don ranar gobara ake auna shi. Famfon kashe gobara yana buƙatar ruwa mai yawa a lokaci ɗaya, saboda haka bututun da ke ciyar da shi ba a cika yin sa ƙasa da inci 6 ba, sau da yawa ma inci 8 ko fiye. Gobara kuwa ba kullum ba ce. A sauran ranaku, ɗan abin da gidaje ke ja shi kaɗai ke tafiyar da ruwan cikin wannan ƙaton bututu.

Mu yi lissafi. Bututu mai faɗin inci 8, tsawon kilomita ɗaya, yana ɗaukar kimanin lita 32,000, wato jarka mai lita 25 sama da 1,200. A ƙaddara gidaje 30 ne a kansa, kowanne yana shan lita 1,000 a yini. Ruwan da ya shiga yau, gobe war haka ya fita, sabo ya maye gurbinsa. To a ce gida huɗu kawai suka rage a layin. Ruwan da ya shiga yau sai ya yi kwana takwas bai kai bakin famfo ba. Kwana takwas a cikin duhu, a ƙarƙashin ƙasar da zafin bazarar Luwiziyana ya gasa. Injiniyoyi suna kiran wannan shekarun ruwa, kuma a wurinsu tsohon ruwa abin tsoro ne.

Abin da ke kare ruwa a kan hanyarsa daga matata zuwa gida shi ne ɗan ragowar kulorin da ake bari a cikinsa. Matata takan kashe ƙwayoyin cuta tun a can, amma bututu ba kwalba ba ce. Yana tsatsa, yana tsagewa, ana fasa shi wajen haƙa, ana gyara shi da hannu cikin taɓo. Ragowar maganin nan shi ne maigadi. Matsalarsa ita ce yana ƙarewa. Tsatsa na cin sa, laka na cin sa, zafi na gaggauta tafiyarsa. Duk wanda ya taɓa zura hannu cikin randa ko tankin da ya daɗe ba a wanke ba ya san santsin nan mai yauƙi da ke manne a jiki. Irinsa ne ke shimfiɗuwa a cikin bututu, kuma ba datti ba ne kawai, gari ne guda na ƙwayoyin halitta masu rai, suna fakewa a ciki maganin bai kai gare su sosai.

St. Bernard a lokacin, kamar garuruwa da yawa, kuloramin take amfani da shi, wato kulorin da aka haɗa da amoniya. Dalilin zaɓensa mai kyau ne: ya fi zallan kulorin daɗewa a doguwar tafiya, kuma bai cika haifar da sinadaran da hukumomin lafiya ke taƙaitawa ba. Sai dai yana da lagonsa. Idan ya fara lalacewa yakan saki amoniya, akwai kuma ƙwayoyin da amoniya ce abincinsu. Su ci su yi yawa, su fitar da wani sinadari da ke ƙara cinye ragowar kuloramin ɗin, ƙarin amoniya ya fito, su sake ci. Maganin da aka zuba don ya kashe su ya zama tuwonsu. A ruwa mai ɗumi wanda ba ya motsi, wannan zagaye ba ya ɗaukar dogon lokaci kafin maigadi ya ɓace ɓat.

Yaron da ya zo ziyara

A bazarar 2013 wani yaro ɗan shekara huɗu daga jihar Misisipi ya zo ziyara wani gida a gundumar. Ya yi ta wasa a tsakar gida a kan doguwar ledar nan da ake shimfiɗawa a sakar mata ruwan tiyo yara suna zamiya a kai. Wasan yara ne kamar kowanne, da faɗuwa da dariya da ruwa a fuska. Bayan kwanaki ya kwanta rashin lafiya, a watan Agusta ya rasu. Gwajin Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, ya nuna abin da ya kashe shi: wata ƙwayar halitta mai suna Naegleria fowleri, wadda 'yan jarida ke kira amiba mai cin ƙwaƙwalwa.

Ita wannan amiba a ƙasa da ruwa mai ɗumi take zaune, tana cin ƙananan ƙwayoyin da ba su kai ta ba, tana kuma jure zafi har zuwa digiri 46 a ma'aunin Salshiyos. Shan ruwan da take ciki ba ya sa cuta, kuma ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum. Hanyarta guda ce, hanci. Idan ruwa ya haura can sama da ƙarfi, takan bi jijiyar sansana ƙamshi ta ratsa zuwa ƙwaƙwalwa. Alamunta na farko ba su da maraba da na sanƙarau: ciwon kai mai tsanani, zazzaɓi, amai, sanƙarewar wuya. Yawanci bayan kamar kwana biyar da shigarta suke bayyana, kuma daga nan mai ita bai cika wuce wasu kwanaki biyar ba. Cuta ce da ba kasafai ake samunta ba. A duk faɗin Amurka, daga 1962 zuwa 2023, mutum 164 aka san sun kamu. Huɗu ne suka rayu.

Kafin wannan, masu iyo a tafki da kogi aka fi sani da ita. Amma St. Bernard ta riga ta sami gargaɗi. A 2011 wani matashi a gundumar ya rasu da cutar, haka wata mata mai shekara 51 a gundumar DeSoto da ke can arewacin jihar. Dukansu suna wanke hanci da ruwan famfo ta hanyar 'yar butar nan da masu mura da toshewar hanci ke amfani da ita. An sami amibar a famfunan cikin gidajensu, sai aka ɗauki abin a matsayin matsalar gida ɗaya ɗaya, aka gargaɗi masu butar hanci su riƙa tafasa ruwa. A ganina nan aka yi sake. Tambayar da ta kamata a matsa a kanta ita ce, ta ina ta shigo gidan?

A 2013 an yi tambayar. Aka ɗebo ruwa daga wurare daban-daban na bututun gari, ba na cikin gida kaɗai ba, kuma a tsakiyar Satumba hukumar lafiya ta jihar ta sanar cewa an sami amibar a wurare huɗu a Arabi da Violet. Wannan ne karo na farko a Amurka da aka danganta mutuwa da samun wannan ƙwaya a raye cikin ruwan gari da aka tace aka sa wa magani. Inda aka same ta, ruwan ya yi ɗumi, kulorin kuwa ko dai ya yi ƙasa ƙwarai ko babu shi sam. Injiniyoyin jihar suka nuna yatsa ga raguwar jama'a bayan Katrina da daɗewar ruwa a bututu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan ya daɗe da tsagewa.

Hankalin jama'a ya tashi. Makarantu suka rufe famfunan shan ruwa na ɗalibai, duk da cewa jami'ai suna ta nanata cewa sha ba ya cutarwa. Ban ga laifinsu ba. Uwar da aka ce mata akwai mai cin ƙwaƙwalwa a famfo, wuya ne ka zaunar da ita kana bambanta mata baki da hanci.

Abin da buɗe famfon ke yi

Maganin da aka ɗauka hannu biyu ne, kuma ɗaya ba ya aiki sai da ɗayan. Na farko, aka daina sa amoniya a matata aka koma zallan kulorin mai ƙarfi, da sharaɗin a sami aƙalla miligiram 1 a kowace lita a ko'ina cikin gundumar har tsawon kwana 60. Wannan yana yanke wa masu cin amoniya abinci, yana kuma ƙona santsin da amibar ke kiwo a ciki. Na biyu shi ne zubar da ruwa. Domin ko ka cika matata da magani, ba zai yi ƙafa ya tafi Violet da kansa ba. Sai an ja shi. Tsohon ruwan da ya tare hanya sai ya fita kafin sabo ya shigo, kuma a unguwar da gida huɗu suka rage, babu isassun masu wanka da wanki da za su fitar da shi. Famfon kashe gobara shi ne babbar ƙofar da ke akwai. Ma'aikacin nan mai sifana yana yin aikin maƙwabtan da ba su dawo ba ne, yana buɗe famfo a madadin mutum dubu talatin.

Abin ya ɗan ba ni mamaki da na lura cewa famfon kashe gobara shi ne sanadin girman bututun da ke tsufar da ruwa, kuma shi ne dai hanyar fitar da tsohon ruwan.

Aikin kansa ba buɗe-ka-tafi ba ne. Ma'aikaci yakan fara kwance murfin gefe, ya ɗaura wani ƙarfe mai tarwatsa ƙarfin ruwa don kada ya haƙe titi ko ya rushe shukar mutane. A wurare da dama akan sa ƙwayoyin da ke kashe kaifin kulorin a bakin, saboda ruwan zai gangara rafi, kifi kuwa ba ya jure shi. Sannan ya murɗa a hankali, zagaye bayan zagaye. Na farkon fita yakan zo da tari da iska, ja kamar ruwan kududdufi, wani lokaci baƙi-baƙi saboda sinadarin manganis, da tsakuwar tsatsa a ciki. Sai ya koma kalar shayi, sai fari-fari, sai garau. Amma garau ba shi ne alamar gamawa ba. Sai ya tari ruwan a 'yar kwalba, ya zuba garin gwaji, ya jijjiga. Idan akwai kulorin ruwan zai koma ruwan hoda, a sa a na'ura ta faɗi adadi. In bai canza launi ba, tsohon ruwa ne har yanzu, a ci gaba. Wajen rufewa ma a hankali ake yi, domin ruwan da ke gudu da ƙarfi in aka datse shi farat ɗaya yakan daki bututu ya fasa shi a wani wurin.

Zubarwar iri biyu ce. Akwai ta gargajiya, a buɗe famfo ruwa ya taho daga ko'ina. Tana sabunta ruwa, amma ba ta kankare komai sosai, wani lokaci ma sai ta kwaso dattin wannan layi ta kai wancan. Akwai kuma wadda aka fara tsarawa a birnin Edmonton na Kanada a farkon shekarun 1990, inda ake rufe bawul-bawul na gefe a tilasta wa ruwa bin hanya ɗaya tak, a fara daga kusa da matata ana yin gaba, kullum ruwa mai tsabta ne ke tura mai datti. Da haka ake samun gudun da ya kai kimanin mita ɗaya da rabi a daƙiƙa, wanda ke iya ɗaga laka ya goge jikin bututu. A bututunmu na ɗazu mai inci 8, wannan gudu yana nufin kusan lita 2,900 a minti ɗaya. Duro mai lita 200 zai cika kafin ka ƙirga biyar. Ruwan da zai yi kwana takwas yana jiran gida huɗu, cikin minti goma sha ɗaya ya fice.

Akwai iyaka kuma. Idan aka ja da yawa, ƙarfin ruwa a maƙwabta zai faɗi, shi ya sa ake sa ido kada ya sauka ƙasa da psi 20 a ma'auninsu. Bututun da ƙarfinsa ya faɗi, maimakon ya riƙa tsiyayar da ruwa waje ta tsagarsa, sai ya fara zuƙo na waje ciki. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan.

Tun da an riga an buɗe famfo, akan jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. A ga ko ya cije da tsatsa, ko bawul ɗinsa na yoyo, a kuma auna yawan ruwan da yake bayarwa. A garuruwan da ke bin ƙa'idar ƙungiyar kare gobara ta ƙasar, launin kan famfon yana faɗa wa ɗan kwana-kwana abin da zai samu: shuɗi galan 1,500 ko fiye a minti, kore 1,000 zuwa ƙasa da 1,500, ruwan lemo 500 zuwa ƙasa da 1,000, ja kuwa ƙasa da 500. Ranar gobara ba ranar gano cewa famfo ya mutu ba ce.

Mazauna gari su ma suna biyan nasu kason. Ruwa yakan zo ja na 'yan sa'o'i, farin kaya in aka wanke a lokacin sai tsatsa ta ɓata su, ga warin kulorin a banɗaki. Shawarar da ake ba su ita ce su buɗe famfon ruwan sanyi har ya washe, su ɗaga wanki zuwa gobe. Masu wankin ƙoda da masu kiwon kifi a gida akan sanar da su tun da wuri idan za a sauya magani.

Dokar da ba a karya ba

Abin da ya fi tsaya mini a rai a lamarin nan shi ne, ƙa'idar da ake bi a lokacin ba ta neman wani adadi a ƙarshen bututu. Dokar tarayya ta ce ruwan da ke fita daga matata ya kasance da aƙalla miligiram 0.2 na magani a lita, amma a cikin gari abin da take nema shi ne a iya gano alamarsa kawai. Alama. Ko ɗan ƙamshinsa ne, ya wadatar a takarda. Gari zai iya cika sharaɗi alhali a lungunansa maigadi ya riga ya zama inuwa.

A watan Oktoba na 2013 aka sami amibar a ruwan wani yanki na DeSoto, inda matar nan ta rasu shekara biyu baya. DeSoto tana da nisa da teku, Katrina ba ta kwashe mata jama'a ba. Wannan ya nuna cewa guguwar ta tsananta matsalar St. Bernard ne kawai, amma tushen yana ko'ina aka haɗa zafi da doguwar hanya da ƙarancin magani. A watan Nuwamba jihar ta fitar da dokar gaggawa: dole a sami aƙalla miligiram 0.5 a lita a kowane sashe na bututun gari, a kuma ƙara wuraren gwaji. Rabin giram ke nan a tanki mai lita 1,000. Ɗan wannan shi ne tsakanin ruwa mai gadi da marar gadi.

Adadin ba daga sama ya faɗo ba, Ostareliya ta riga kowa shan wannan wahala. A can ne likitoci biyu, Malcolm Fowler da Rodney Carter, suka fara bayyana cutar a 1965, sunan na farkon ne ma aka liƙa wa ƙwayar. A Kudancin Ostareliya akwai bututun da ke ɗauko ruwa daga kogin Murray a Morgan zuwa Whyalla, tafiyar sama da kilomita 350, galibinsa a saman ƙasa rana na dukansa. Yara sun mutu a garuruwan da ke shan wannan ruwa kafin a gane cewa sai an riƙe magani a cikinsa har ƙarshen layi.

Doka kuwa sai da mai aiki da ita. A watan Agusta na 2014 aka sami amibar a ruwan gundumar St. John the Baptist, a yankin Reserve da Garyville. Takardun gwaji sun nuna komai lafiya. Da masu bincike suka duba na'urar da ke nuna inda motocin aiki suka bi, sai aka ga a lokuta da dama motar ba ta je wurin da aka rubuta an ɗebi ruwa ba. Aka gurfanar da ma'aikata biyu kan zargin cika takardun ƙarya. Wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenmu.

Ita ma St. Bernard ba ta rabu da abin lokaci ɗaya ba. A watan Yuli na 2015 gwajin jihar ya sake samun amibar, aka sake komawa zallan kulorin na kwana 60, aka sake buɗe famfuna. Gundumar ta shiga aikin sauya tsofaffin bututunta na ƙarfe, domin zubar da ruwa yana sayen lokaci ne kawai, ba ya mayar da tsohon bututu sabo, ba ya kuma rage masa faɗi. A Satumba na 2020 aka ga kusan irin wannan a Lake Jackson ta jihar Teksas, inda yaro ɗan shekara shida ya rasu. Cikin samfuri 11 da aka gwada, uku sun nuna alamar ƙwayar, kuma ɗaya daga ciki an ɗebo shi ne daga famfon kashe gobara da ke ƙarshen bututun da ba ya ɓullewa ko'ina. Irin wannan lungu shi ne wurin da ruwa ya fi tsufa a kowane gari, shi ya sa wasu hukumomin ke dasa na'urar da ke buɗe kanta da tsakar dare ta zubar na ɗan lokaci ta rufe.

Inda abin ya taɓo mu

Da wuya a ga hukumar ruwa a garuruwanmu tana zubar da ruwa da gangan, wanda za a sha ma bai isa ba. Amma ilimin da ke bayan aikin kowace matar gida ta san shi. Ranar da aka kawo ruwa bayan kwanaki, famfo ya yi ta tari yana fitar da ja, ba wadda ke tara wannan a randa. Sai ta bari ya zuba a bokitin shara har ya washe. Abin da St. Bernard ta yi ke nan da sifana. Bambancin shi ne bututunmu yakan zauna fanko tsakanin zuwan ruwa da zuwansa, sau da yawa yana ratsa cikin kwata, saboda haka zuƙowar da injiniyoyin can ke gudu na minti kaɗan, mu muna zaune da ita. Daga nan ruwan ya hau baƙin tankin roba a saman gida, rana ta yi ta dafa shi, wanda ya taɓa buɗe famfo da azahar a watan Afrilu ya san yadda yake ƙona hannu. Na rijiyar burtsatse kuwa tun asali ba a sa masa magani.

Mu kuma mutane ne masu kai ruwa hanci sau da yawa a yini. A Karachi ta Pakistan, likitocin asibitin Jami'ar Aga Khan sun ba da rahoton mutum 13 da suka kamu tsakanin 2008 da 2009, kusan dukansu ba masu iyo ba ne, kuma shaƙar ruwa wajen alwala aka fi zargi. A 2012 an sami wani Musulmi a tsibirin St. Thomas na yankin Karibiyan da ya rasu ta wannan hanya. Tun a 1980 ma likitoci a Zariya sun wallafa rahoton wani manomi da ya kamu, suka danganta abin da ruwan da yake shaƙa wajen alwala. Ba ina cewa kowa ya tsorata da butarsa ba ne. Miliyoyin mutane suna alwala kullum ba abin da ke samun su, kuma kwalara da taifot sun fi wannan amiba kashe mutanenmu nesa ba kusa ba. Amma mun tashi da auna ruwa da launi da ɗanɗano da ƙamshi, wannan ƙwaya kuwa ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin ukun. Ruwan da yaron nan na St. Bernard ya yi wasa da shi ruwan famfon gari ne, irin wanda kowa ke sha.

Shawarar CDC ga mai kai ruwa cikin hanci ita ce ya yi amfani da wanda aka tafasa na minti ɗaya ya huce, ko wanda aka tace da matacin da ramukansa ba su wuce maikiron ɗaya ba (wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita), ko wanda aka sa wa kulorin daidai gwargwado. Tankin gida da na masallaci kuwa, a riƙa zubar da na ƙasansa ana goge santsin, a rufe bakinsa, in da hali a yi masa rumfa. Famfon da ke can ƙarshen layi wanda ba a cika buɗewa ba, na ɗakin baƙi ko na bayan masallaci da sai ranar Juma'a ake taɓa shi, a bar shi ya zuba har ɗumin ruwan ya sauka kafin a tara buta.